Bit 16, 24 ko 32? Yadda Nake Saita Katin Sauti Idan Zan Yi Mastarin a Gida

Akwai wata waƙa da aka taɓa kawo mini in yi mata mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a saki waƙa, murya ɗaya ce da jita ɗaya, babu ganga babu komai. A ƙarshenta mai jitar ya kaɗa tsirkiya ta ƙarshe ya bar ta tana amo har ta mutu da kanta. Daƙiƙa bakwai ko takwas ke nan, kuma a wurina duk daɗin waƙar yana cikin waɗannan daƙiƙun. Da dare ya yi tsit na zauna na saurara, sai na ji wutsiyar amon tana wani ƙiris-ƙiris kamar an watsa mata yashi, sannan ta yanke kwatsam maimakon ta narke cikin shiru. Kwana biyu ina zargin wanda ya ɗauki sautin. Ashe fayil ɗinsa lafiya lau yake. Matsalar tana kan teburina. Katin sautina, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi, yana kan bit 16, lasifikokina kuma masu ƙarfi ne ƙwarai, don haka na saba rage ƙara daga cikin kwamfuta, na ja ta ƙasa da wajen desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti).

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni bit nawa zai zaɓa, nakan ce masa ya fara faɗa mini a ina yake nufi. Maganar bit tana fitowa a wuri uku: a katin sauti, a cikin manhajar da kake aiki, da a fayil ɗin da za ka miƙa. Kowanne amsarsa daban, kuma cakuɗa su ne ke sa mutane sayen abin da ba sa buƙata.

Me bit ɗin yake aunawa

Kwamfuta lambobi ta sani. Katin sauti yana auna ƙarfin wutar da makirifo ya aiko, sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ya rubuta kowane awo da lamba. Yawan awon a daƙiƙa magana ce daban, ba ita muke yi ba yau. Zurfin bit shi ne yawan zane-zanen da ke jikin ma'aunin. Bit 16 yana da zane 65,536. Bit 24 yana da 16,777,216. Idan awo ya faɗo tsakanin zane biyu, dole a tura shi ga wanda ya fi kusa, kuma ɗan ƙarin nan ko ragin da aka yi masa kuskure ne. Kunne yana jin tarin waɗannan kurakuran a matsayin hayaniya can ƙasa.

Duk bit ɗaya da aka ƙara yana raba kuskuren biyu, wato yana tura hayaniyar ƙasa da kimanin desibel 6. Sai ka yi lissafi: 16 sau 6 ya ba ka 96, 24 sau 6 ya ba ka 144. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da fayil zai iya ɗauka da inda hayaniyarsa take kwance. Iyakar aikin zurfin bit ke nan. Ba ya ƙara wa bas nauyi, ba ya sa murya ta yi zaƙi, ba ya buɗe saman waƙa. Na sha jin ana cewa bit 24 ya fi "faɗi" ko ya fi "ɗumi", amma amshin waƙa mai ƙarfi yadda ya fita a bit 24 haka zai fita a bit 16. Bambancin yana ɓoye ne a wuraren da sauti ya yi ƙasa-ƙasa.

To koma ga abin da ya same ni. Na rage desibel 30 a cikin kwamfuta kafin sautin ya isa katin. Raba 30 da 6, bit 5 ke nan na zubar. Saura 11, wato tazarar desibel 66 kacal. Wutsiyar jitar tana can desibel 50 ko 60 ƙasa da ƙololuwar waƙar, sai ya zama bit ɗaya ko biyu ne suka rage su ɗauke ta. Lasifikokin kuwa suna buɗe da ƙarfinsu, suna ɗaga wannan ƙazantar zuwa kunnena. Da a ce katin yana kan bit 24, bayan ragin zan saura da 19, fiye da abin da faifan CD ke da shi gaba ɗaya.

Kada wannan ya sa ka raina bit 16. Lokacin da Philips da Sony suke tsara faifan CD, Philips bit 14 ya so, Sony ya dage a kan 16, kuma a kan haka aka tsayar da ƙa'idar a 1980, faifan farko suka fito kasuwa a 1982. Zaɓin ya yi kyau. Ɗaki mai shiru yana da hayaniyarsa ta kimanin desibel 30. Ɗora 96 a kai, ka kai 126, inda kunne ke fara zafi. Ga waƙar da aka gama, wadda za a saurara kawai, bit 16 ya isa har ya yi saura. Ga waƙar da ake kan taɓawa, ana ɗagawa ana saukewa, a nan ne yake gazawa.

Katin sauti: sa shi a 24

Wannan ba ya buƙatar dogon nazari. A Windows, shiga saitin sauti, buɗe bayanan na'urar da kake fitar da sauti da ita, ka nemi inda aka jera tsarin fitarwa, ka zaɓi bit 24 da yawan awon da ya yi daidai da na aikinka, 44,100 ko 48,000. A nan kuma ka kashe duk wani gyaran sauti da tsarin ke ƙarawa da kansa, domin mai mastarin yana son ya ji fayil tsirararsa. A Mac, manhajar Audio MIDI Setup ce ke riƙe da wannan.

Idan katinka yana da direban ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, zaɓe shi a cikin manhajar aikinka. Shi yana kewaye mahaɗar sautin Windows ya tafi kai tsaye zuwa katin, kuma galibi yana tafiyar da shi a cikakken zurfinsa ba tare da ka ce komai ba. Duk da haka nakan gyara saitin Windows ɗin ma, saboda idan zan kwatanta aikina da wata waƙa a burauza, ta can sautin zai bi. Kuma in dai katin yana da maɓallin murɗawa na ƙara a jikinsa, da shi nake ragewa, in bar na cikin kwamfuta a sama.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba, kuma na ga mutane da yawa ba su gane shi ba. Idan duk mastarin ɗinka a cikin kwamfuta kake yi, da fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a kan waƙa, ba ka fitar da sauti zuwa wata na'ura ta waje ka dawo da shi, to katin sauti ba ya taɓa fayil ɗin da kake fitarwa ko kaɗan. Lokacin da ka danna a fitar da waƙa, lissafi ne kwamfuta ke yi ta rubuta sakamakon a faifanta. Ko ka cire katin daga jiki, fayil ɗin da zai fito ɗaya ne. Shi ya sa waccan waƙar ta jita ba ta lalace ba: yashin a hanyar kunnena kawai yake. Amma ka lura da haɗarin. Saura kaɗan in ɗora mata fulogin na rage hayaniya, in gajarta wutsiyar, don in magance cutar da ba ta da ita. Katin ba ya ɓata fayil da hannunsa, hukuncinka yake ɓatawa, kai kuma ka ɓata fayil ɗin.

Inda katin ke shiga cikin sautin kansa shi ne idan kana ɗaukar murya ko kayan kiɗa, ko kana zagaya da waƙa ta cikin na'urorin gyaran sauti na waje, irin su ikwalaiza ko kwamfiresa. A nan ma 24 ne, kuma dalilin shi ne sarari. Nakan bar matsakaicin ƙarfi yana yawo wajen desibel 18 ƙasa da sifili, wato iyakar ƙarfin da fayil zai iya ɗauka, ƙololuwa kuma kada ta wuce 10 ko 6 ƙasa da sifili. Desibel 18 bit 3 ne. A tsarin 24 an bar ka da 21. A tsarin 16 an bar ka da 13, shi ya sa masu ɗaukar sauti a zamanin bit 16 suke matsa allura kusa da ja, suna fargabar kada mawaƙi ya ɗaga murya sautin ya fashe. Yanzu babu dalilin wannan fargabar.

Lambar da ke jikin kwali

Babu katin da ke ba da desibel 144 na gaskiya. Duk waya da duk ɗan ƙarfen da wuta ke bi yana da hayaniyarsa da zafi ke haifarwa, kuma wannan hayaniyar tana sama da bit na ƙarshe-ƙarshe. Katuna masu kyau suna ba da tsakanin desibel 110 zuwa 120, manya-manyan su ɗan haura haka. Wato bit 19, 20, in an yi sa'a 21. Ragowar bit ɗin hayaniyar wutar kawai suke rubutawa.

Saboda haka idan ina duba kati, ba na tsayawa a kan "24" da aka buga da manyan baƙaƙe, kusan kowane kati yanzu yana da shi, har wanda aka gina a cikin laftof. Takardar bayanan fasaha nake buɗewa in nemi tazarar ƙarfi da aka rubuta da desibel, kuma ta ɓangaren fitarwa nake fara dubawa, domin mai mastarin da ita yake rayuwa. Kati mai 110 ko fiye ya wadatar da ɗakin gida. Na kan duba mafitar hedfon daban, don sau da yawa ta fi ta lasifika rauni. Bayan wannan, abin da zai fi canza aikinka shi ne lasifika da yadda ɗakin ke mayar da amo, ba ƙarin desibel 3 a takarda ba.

Sai maganar bit 32 a jikin kwali, wadda iri biyu ce. Akwai katunan da guntun lantarkin cikinsu ke karɓar lamba mai bit 32. Wannan bai sauya iyakar da zafi ya gindaya ba, don haka kunne ba zai ji ƙari ba. Akwai kuma na'urorin ɗaukar sauti irin su Zoom F6 da jerin MixPre II na Sound Devices, da suka fito a 2019, masu haɗa na'urar awo fiye da ɗaya, wata na kula da sauti mai rauni wata da mai ƙarfi, su rubuta sakamakon a bit 32 fulot, wani tsarin lamba da zan yi bayaninsa a ƙasa. Ga mai ɗaukar sauti a fili, inda ba a san lokacin da za a yi ihu ba, wannan babbar ni'ima ce. Ga wanda ke zaune da waƙar da aka riga aka haɗa, ba ta da aikin yi.

Cikin manhaja

A nan ne bit 32 fulot ke da gida. Yadda yake aiki shi ne an raba lambar biyu: wani sashe yana riƙe da darajar awon da ingancin bit 24, wani sashe mai bit 8 yana faɗin girman ma'aunin da za a karanta ta da shi. Ma'aunin yana miƙewa yana tsukewa gwargwadon sautin, shi ya sa tazararsa ta haura desibel 1,500. Amfaninsa a aikace: ka rage waƙa da desibel 40 a fulogin na farko ka mayar a na biyu, ba ka yi asarar komai ba. Ka wuce sifili a tsakiyar layi ka sauke a gaba, ba ta fashe ba. Manhajojin yau duk haka suke lissafi, wasu kamar Reaper ma da bit 64, kuma ba sai ka kunna komai ba.

Abin kiyayewa biyu ne. Na farko, wannan kariyar tana ƙarewa a bakin ƙofa. Da zarar sauti ya isa katin, ko aka rubuta shi a fayil na 24 ko 16, duk abin da ya haura sifili an datse kansa. Na biyu, duk fayil na tsaka-tsaki, wanda za ka sake buɗewa ka ci gaba da aiki a kansa, ajiye shi a 32 fulot. Nauyinsa ba abin damuwa ba ne: minti ɗaya na sitiriyo a awo 44,100 yana cin megabayit 10.6 a bit 16, 15.9 a bit 24, 21.2 a bit 32.

Idan wani ne ya yi miksin, wato haɗa murya da kayan kiɗa wuri ɗaya, abin da nake roƙonsa shi ne fayil ɗin WAV a bit 24 ko 32 fulot, a yawan awon da ya yi aikin da shi, ya cire limita, fulogin da ke hana ƙara wuce iyaka, daga babban layin da duk waƙar ke fita ta cikinsa. Wani lokaci sai a ce mini na bit 16 kaɗai ya rage. Nakan karɓa in yi aikin, manhaja za ta lissafa shi a fulot kamar kowane. Amma mayar da shi 24 kafin a turo mini ba ya dawo da komai, sifili takwas kawai aka jera a bayan kowace lamba. MP3 kuwa ina bakin ƙoƙarina in kauce masa, don shi abin da ya zubar ba hayaniyar ƙasa ba ce, sassan sautin ne da kansu.

Fitar da fayil, da maganar dita

Babban fayil ɗina kullum WAV ne a bit 24. Shi nake ba masu rarraba waƙa zuwa manhajojin saurare idan suna karɓa, kuma tsarin Apple Digital Masters ma bit 24 yake nema. Daga shi nake yin MP3 ko AAC kai tsaye, ba na fara saukewa zuwa 16. Ƙololuwar gaskiya nakan tsayar da ita desibel 1 ƙasa da sifili, kamar yadda Spotify ke ba da shawara, saboda matse fayil zuwa irin su MP3 yakan ɗan ɗaga ƙololuwa.

Bit 16 a awo 44,100 sai idan za a buga CD ko wanda zai karɓa ya ce shi yake so. A nan ne gizo ke saƙar. Idan ka yanke bit takwas na ƙasa haka kawai, kuskuren da ya biyo baya yana bin sawun waƙar, yana tashi da ita yana sauka da ita, kuma kunne ya fi tsanar irin wannan. Shi ne yashin da na ji. Maganinsa abu ne da ke ba mutum mamaki a karon farko: a zuba wata 'yar hayaniya da gangan, daidai girman bit na ƙarshe, kafin a yanke. Ita ake kira dita. Tana raba kuskuren da waƙar, ta mayar da shi wani "shuuu" mai laushi wanda ba ya motsi, kuma sautin da ya yi ƙasa da bit na ƙarshe ma yana ci gaba da jiyuwa a cikinsa. Stanley Lipshitz da John Vanderkooy na Jami'ar Waterloo a Kanada su ne suka shimfiɗa lissafin wannan a shekarun 1980.

Nau'in da nake amfani da shi kusan kullum shi ne TPDF, wanda wasu manhajoji ke kira mai kusurwa uku. Akwai masu tura hayaniyar zuwa can saman inda kunne bai cika ji ba, irin su POW-r da ke cikin Logic da Ableton Live. Suna da kyau ga waƙa mai shiru sosai, amma sai in na tabbata babu wanda zai sake taɓa fayil ɗin.

Tsarin jerin yana da muhimmanci fiye da nau'in. Idan za ka sauya yawan awo, misali daga 48,000 zuwa 44,100, fara da shi, ka sake duba ƙololuwa, sannan dita ta zo ƙarshe, sau ɗaya. Bayanta kada a rage ƙara, kada a dusashe wutsiya, kada a yi komai. Tarkon da na fi ganin mutane na faɗawa shi ne limita yana zuba dita, taga ta fitar da fayil ita ma tana zubawa. Zaɓi ɗaya ka kashe ɗayan. Masu Audacity su sani cewa tana zuba tata da kanta idan ana saukewa zuwa 16, saitin yana cikin zaɓuɓɓukan inganci. Gaskiya kuma, a waƙa mai ganga da bas da aka matse daga farko har ƙarshe, da wuya wani ya ji bambanci. Ina sa ditar duk da haka, domin kusan kowace waƙa tana da wutsiya.

Gwada da kunnenka

Minti goma ya isa. Ɗauki sautin fiyano ko jita mai tsabta, ka dusashe shi a hankali cikin daƙiƙa goma har ya ɓace. Fitar da shi sau uku: a bit 24, a bit 16 babu dita, a bit 16 da dita. Dawo da ukun cikin manhaja, ka yanke duk sashen mai ƙarfi ka yar, ka bar daƙiƙa biyu na ƙarshe kawai. Tabbatar ka yanke kafin mataki na gaba, don kunnenka da lasifikarka. Sai ka ɗaga guntayen da desibel 50 ka saurara ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka ji bambanci ba, mai yiwuwa sautin da ka ɗauka ya zo da hayaniyarsa wadda ta rufe komai, sai ka sake da sautin da kwamfuta ta ƙera.

Da na yi wannan da waccan waƙar, na mara dita ya yi ta tsattsagewa yana ɗaukewa yana dawowa kafin ya yanke. Mai dita ya zo da shuuu ɗinsa, amma tsirkiyar tana ciki, ina bin ta har ta nutse. A na bit 24 kuwa na ji abin da ban taɓa lura da shi ba: bayan amon ya kusa ƙarewa, mai jitar ya saki numfashi a hankali, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin. Na matsar da ƙarshen fayil ɗin gaba da daƙiƙa ɗaya da rabi don wannan ya shiga, na fitar da na 24 da na 16 mai dita, na tura wa wanda ya kawo mini waƙar.